Kile Mai Ƙotar Hauya

Notin da ya kusa raba mijina da aikinsa bai kai ƙwallon aduwa girma ba. Daga baya, da aka canja shi a Yamai aka kawo mini, na ɗora shi a tafin hannuna na juya shi, na ce masa kai ɗan banza, ashe kai ne. Amma lokacin da yake maƙale a ƙarƙashin motar nan, ya ƙi gaba ya ƙi baya, wallahi ji nake kamar in shiga in cire shi da haƙori.

A shekarun ƙarshe na mulkin Nasara ne, kumandan, Baturen da ke mulkin ƙasar, yana nan a Filinge tukuna, motocin gari kuwa ba su da yawa. Mijina yana tuƙa kamyon wani Alhaji, ɗan kasuwa mai sayen gero da wake da fatu a kasuwannin Kurfai yana kaiwa Yamai. Kamyo muke ce wa babbar motar kaya. Shi kuma duk gari Shofer ake ce masa, har sunansa na yanka ya ɓace, ni kuwa dama ba faɗinsa nake ba.

Tuƙi da gyara duk a soja ya koyo su. An ɗebe shi ina da cikin fari, bai dawo ba sai da yarinyar take gudu da ƙafarta. Ya dawo da akwatin ƙarfe, da takalma, da wani irin shiru da ban san shi da shi ba. Ya shiga ɗaki ya zauna. Ba ciwo ba ne, ba hauka ba ne, zama ne kawai, fuska ga bango. In kai tuwo, in koma in ɗauko shi yadda na kai. Surukata ta yi rubutu, ta yi turare, ta yi sadaka, har maganar masu bori aka kawo. Abin da ya fitar da shi kuwa kamyon Alhaji ce, da ta mutu a bakin kasuwa aka rasa mai tashe ta, sai wani ya tuna da shi. Ya fita ya tashe ta, Alhaji ya miƙa masa makulli. Ranar ya cinye tuwonsa har ya nemi ƙari.

Don haka ni ba motar nake so ba. Warin manta ma tayar mini da zuciya yake, ga wankin kayan da ba sa fita. Ɗakin nan nake tsoro. Na san ranar da motar ta bar hannunsa, can zai koma.

Sai hannunsa na dama ya fara rawa. Ni na fara gani, wata safiya yana shan koko, ludayi yana ƙwanƙwasa bakin ƙwarya. In ya kama babban abu ya damƙe, kamar sitiyari, sai hannun ya yi shiru. Ƙananan abubuwa ne suke tona shi: ashana, maɓallin riga, ƙwayar tasbaha. Bai ce mini komai ba, ban ce masa komai ba, muka dai shiga ɓoyo tare kamar mun yi shawara. Ni nake kunna masa fitila. Na cire maɓallan rigunansa na mayar da su na zurawa. Ya daina cin abinci a ƙofar gida da maza, na baza cewa cikinsa ya lalace a soja, ba ya son yaji. In yana tsaye cikin mutane, hannun yana aljihun tsohon kwat ɗinsa na soja. In zai yi gyara, a kangon bayan gidanmu yake shigar da motar, ya ja zana, ba mai leƙawa sai ni. Ga kuma ɗan ƙanen Alhaji, wani gansamemen saurayi da ya dawo daga Yamai da takardar tuƙi a aljihu, kullum yana zagaya motar yana shafa ta kamar amaryarsa ce aka hana shi.

Ƙarshen damina ne abin ya faru. Ya taso daga Sanam da kaya, ya taka birki ya ji ƙafarsa ta tafi ƙasa babu abin da ya tare ta. Allah ya sa hanyar rairayi ce, ya lallaɓo a hankali har gida. Da aka sauke kaya ya shigar da ita kango, ya ɗaga ta, ya cire ƙafar baya, ya ga inda mai yake zuba.

Abin da zan faɗa yanzu a bakinsa na koya, don na ji shi har na haddace. Birki da mai yake aiki. Man yana bi ta wani siririn tiyo na jan ƙarfe, bai fi alƙalamin kara kauri ba, har ya isa ƙafar mota. A inda tiyon yake shiga ƙafar akwai noti mai huda, tiyon ya ratsa ta tsakiyarsa, shi yake matse bakin. Wata ƙaramar roba mai tare man a cikin ƙafar ce ta cinye, yana kuwa da wata a akwatinsa. Aikin ba wani abu ba ne, in dai notin ya kwance. To notin ƙarfensa laushi gare shi, kusurwa shida gare shi ƙanana, ga laka da tsatsar damina sun haɗe shi da mazauninsa.

Ya shimfiɗa buhu ya jera kayan aikinsa. Ya fara ɗaukar kile, wato sufana, mai buɗaɗɗen baki. Ita wannan gefe biyu kawai take kamawa, sai an danna ta an riƙe ta cak kafin a ja. Da lafiyayyen hannu da wataƙila ta yi. Ina tsugune ina tsince wake ina kallo ta gefen ido, na ga ya ja, hannun ya karkaɗa, kilen ta zame. Ya sake, ta sake zamewa, kusurwa ta tafi. Ya ɗauko wadda ake murɗa mata baki ta buɗe ko ta tsuke, wannan kuwa bakinta dama sako-sako yake, ta ƙara ɗebe wata kusurwar. Akwai mai zobe, wadda take rungume noti ta ko'ina, ya ce ita ce ta dace, amma ba ta da ƙofar shiga, tiyo ya tare hanya. Daga nan zuciya ta ɗebe shi ya kama filaya, ita kuwa ta tauna ƙarfen son ranta. Kafin la'asar noti ya koma sumul kamar ƙwallon magarya.

Ni ba ni da haƙuri, kowa ya sani. Na ture faifan wake na ce ga guduma can, ga ƙarfen sara, ya sa masa duka mana ya huta. Bai amsa ba sai da ya fito daga ƙarƙashin motar ya zauna a ƙasa. Ya ce in aka kuskure sau ɗaya tiyon ya tsinke, babu irinsa sai Yamai. Sannan ya ɗaga hannun ya riƙe shi tsakaninmu, yana rawa kamar ganye.

"Da wanga zan yi saran?"

Ranar ce farkon ranar da ya ambaci hannun a gabana. Na rasa inda zan sa idona, tausayinsa ya kama ni.

Ya ce ko wuta ba ta yi, don man birki da roba da tankin mai duk suna nan kusa. In kuma ya gaya wa Alhaji a aika Yamai, ɗan ƙanen nan za a aika, shi zai zo ya duba, duk wanda ya san mota kuwa ya ga notin nan ya san irin hannun da ya taɓa shi. Ya ce a soja ya ga wata kile, zobe ce amma an tsaga mata ƙofa daidai wucewar tiyo, ta shiga ta rungume noti. Babu irinta a Filinge, ko a garejin kumandan bai taɓa gani ba. Na ce to ai akwai maƙeri. Ya ce a'a, ya miƙe ya shige gida.

Na san dalilin a'ar. Tsohon maƙerin unguwarmu shi ya ƙera hauyar babana, shi ya ƙera wuƙar da aka sa mini a kayan aure. Mu a Kurfai da hauyar tsaye muke noma, mai doguwar ƙota, ana tura ta gaba ba a sunkuyawa. Irin wannan hauya kuwa ba a saye wa mutum ita a bayan idonsa. Sai ka je maƙera da kanka, tsoho ya kama hannunka ya murza, ya duba tsawonka, ya ba ka sanda ka tura a ƙasa yana kallo, sannan ya san nauyin ƙarfen da tsawon ƙotar da za su yi maka. Haka suke yi tun kakanni, ko lauje ne, ko gatari. Ni kuwa na ce a raina kile ai ba hauya ba ce.

Na ɗauko guntun sabulun salo, na ɗaure zane da kyau, na rarrafa ƙarƙashin motar na danna shi a jikin notin har siffarsa ta fito. Na haɗa da kile mai zobe na ƙulle a gefen mayafi, na nufi maƙera.

Na tarar da tsohon yana kashe wuta. Na durƙusa na gaishe shi, na kwance ƙullina, na yi masa bayani tiryan-tiryan yadda na ji. Ya juya sabulun, ya juya kilen, ya leƙa ta cikin zoben da ido ɗaya, na ga abin ya ba shi sha'awa. Sai ya tambaya wa zai ja ta. Na ce maigida. Ya ce to maigida ya zo. Na ce aiki ya yi masa yawa, ya ce ƙarfe ba ya gudu, zai jira shi. Na ce ga awo nan a sabulu, me kuma ake nema? Ya ce wannan awon noti ne, shi awon mutum yake so.

"Haba Baba," na ce, "noti za a kwance, ba aure za a ɗaura ba."

Ya yi dariya har da tari. "Ɗiyata, ba mu ƙera ma hannun da ba mu gani ba. Shi taho."

Na tashi fuu ko sallama babu. Matarsa tana kirana daga cikin gida ban waiwaya ba. Sai da na kai ƙofarmu na tuna na baro sabuluna, haushi ya ƙaru.

Bayan magariba Alhaji ya zo da kansa, ya tsaya a ƙofar gida. Ina jin su ta zana. Ya tambaya ko motar za ta tashi ranar kasuwar Bonkuku, don ya yi wa mutane alkawarin kaya. Mijina ya ce in sha Allahu. Alhaji ya ce in aikin ya yi nauyi ga yaron wajensa nan zaune ba ya komai, sai ya turo shi ya kama masa. Da kyakkyawar zuciya ya faɗa, Alhaji ba mugu ba ne. Mijina ya yi godiya ya ce ƙaramin aiki ne. Da ya tafi, sai na ga mijina ya wuce ni ya shiga ɗaki, ya zauna a wurin nan nasa na da, fuska ga bango. Na kai tuwo. Na koma na tarar ko malmala ɗaya bai taɓa ba.

Na tsaya a bakin ƙofa da kwanon a hannuna. "Gobe ka tashi ka tafi wurin tsohon nan. In kuwa nan za ka zauna, ni kam na gaji da kai ma bango tuwo, sai in ɗauki ɗiyata in koma gidanmu."

Ba inda zan je, shi ma ya sani. Amma da safe na ji yana sa takalmansa na soja.

Na bi bayansa da hujjar karɓo sabulu. Na shiga ta ƙofar mata, na zauna wurin matar tsohon, muka gaisa sama-sama, na manna ido a zanar da ta raba gida da maƙera. Girbi ya matso, wurin cike yake da manoma masu jiran lauje da masu zaman hira. Mijina ya yi sallama, hannu a aljihu. Tsohon ya miƙo nasa. Babu yadda za a yi, mutum ba ya gaida dattijo da hagu. Na ga hannun ya fito daga aljihu, na ga tsohon ya rufe shi da nasa duka biyu, ya riƙe, yana ta tambayar gida da iyali da gajiyar hanya, bai saki ba. Sai ya ɗaga kai ya ce wa jama'a yau akwai aikin da zai yi wanda ido ba ya gani, kowa ya dawo gobe. Mutanenmu suna tsoron asirin maƙera, kowa ya kakkaɓe rigarsa ya fita.

Da suka rage su biyu, ya miƙa masa ƙusa ya ce ya riƙe. Ƙusar ta yi ta rawa. Ya miƙa masa masaba, babbar gudumar ƙira, hannun ya damƙe ta ya yi tsit. Ya sa shi ya tura sanda a ƙasa kamar mai noma. Ya dafa masa kafaɗa ya danna. Bai tambaye shi yaushe ya fara ba, bai ce sannu ba, bai kawo maganar magani ba.

"Kafaɗa lafiya take," ya ce. "To da ita za mu yi aiki."

Suka taho kango tare, ni ina biye da sabuluna. Tsohon bai taɓa shiga ƙarƙashin mota ba a rayuwarsa, sai da ya yi bisimilla ya tofa kafin ya kwanta a tabarma. Yana ganin notin ya ce a kawo garwashi, in ya ji wuta zai saki. Mijina ya nuna masa tankin mai da robar ƙafa, ya ce in aka kawo wuta nan har gidan maƙwabta sai ya tashi. Tsohon ya yi tsaki ya ce ƙarfen da ba a sa wa wuta wane irin ƙarfe ne. Ya ce to a ba shi awartakinsa, wanda yake kama jan ƙarfe da shi, bai taɓa kama abu ya kuɓuce ba. Ya kama, ya murɗa, awartaki ya zame, gwiwar hannunsa ta bugi ƙarfen mota. Zagin da ya ɗura wa notin nan ba zan iya maimaita shi ba. Sai na ji mijina yana dariya, dariya sosai har da riƙe ciki. Na juya baya don kar su ga idona.

Daga nan suka zauna suka yi shawara kamar sa'o'in juna. Mijina ya ce tunda kusurwa ta tafi sai an yi wa notin sababbin fuskoki, a goge gefensa da magagari ya yi faɗi, amma a hankali, don in aka zurfafa za a huda shi. Wannan aikin hannu mai natsuwa yake so, kuma ba wanda ya faɗi haka a cikinsu. Tsohon dai ya zaro ƙaramar magagarinsa ya koma ya kwanta. Wurin duhu ne, idonsa kuwa ya tsufa, sai aka ce in ɗauko madubina. Na tsaya a rana ina karkata shi, hasken yana faɗawa kan notin, in hannuna ya gaji hasken ya kauce sai tsohon ya daka mini tsawa daga ƙasa, ni ma in rama. Ya goge gefe, mijina ya leƙa ya ce ya isa, ya koma ɗaya gefen. Da suka gama aka jiƙa tsumma da kananzir da man gyaɗa aka naɗe notin, aka bar shi ya sha.

Ƙarfen kilen daga wani karyayyen ƙarfen mota suka yanko, irin faffaɗan nan da ake jerawa a kan ƙafa don ɗaukar nauyi, yana yashe a kangon tun bara. Tsohon ya zaunar da mijina a kan zuga-zugi. Zuga da hannu biyu ake yi, a damƙe a danna, ba ruwanta da rawar yatsu. Ta farko da suka ƙera ba ta yi ba, da aka gwada bakinta ya wage kamar na jaki mai hamma, tsohon ya jefar da ita yana ƙunƙuni, ya ce laifin mai zuga ne, mai zuga ya ce laifin mai duka ne. Ta biyu suka yi mata baki mai kauri, aka tsaga ƙofa daidai wucewar tiyo, aka yi ta kai ta kango ana gwadawa ana dawowa ana gogewa, har ta shiga ta zauna ɗaram ba ta motsi.

Abin da ban zata ba shi ne ƙotar. Tsohon bai bar ta gajera irin ta Nasara ba. Ya yi mata kube a gindi, ya sa mata doguwar ƙota ta icce kamar ta hauya, ya gitta wani guntun icce a ƙarshe inda mutum zai jingina kafaɗa ya riƙe da hannu biyu. Da na gan ta na ce Baba wannan kile ce ko noma za a yi wa motar? Ya ce in rufe masa baki in riƙe madubi.

Da hantsi washegari aka yi ta. Tsohon ya kwanta ya sa bakin kilen a mazauninsa da hannunsa, ya naɗe awartaki da tsumma ya riƙe tiyon don kar ya juya tare da noti ya murɗe. Ƙotar ta fito waje ta inda aka cire ƙafa. Mijina ya durƙusa ya sa kafaɗa, ya damƙe da hannu biyu. Ya ce ba ja za a yi da ƙarfi ba, da doguwar ƙota ƙaramin turi ma ya isa ya karya abu. Ya tura kaɗan, ya saki, ya ɗan mayar baya, ya sake turawa. Ni ina riƙe da madubi ina karanta duk abin da na iya. Sai muka ji ƙit, ƙaramar ƙara, kamar an karya tsinke. Zuciyata ta yanke, na ce shi ke nan tiyo ya tafi. Sai tsohon ya ce daga ƙasa, ɗan banza ya saki.

Sauran aikin bai daɗe ba. Aka sa sabuwar roba, aka mayar da notin nan dai, don babu wani, kilen nan ita kaɗai ce makullinsa a duniya. Sai mijina ya ce iska ta shiga tiyo, dole wani ya hau ya riƙa taka birki shi yana fitar da ita daga ƙasa. Tsohon ya ce shi kam ba ya taka abin da bai san inda zai kai shi ba. Haka na tattare zane na hau mazaunin shofer, karo na farko kuma na ƙarshe. Ƙafata da ƙyar take kaiwa. Yana kira daga ƙasa, taka, riƙe, saki, ni ina takawa ina ce masa ya yi mini magana a hankali ni ba sojansa ba ce. A hankali na ji abin yana tauri a ƙarƙashin ƙafata har ya ƙi tafiya.

Da na sauko na kawo musu fura. Na durƙusa kusa da tsohon na fara kewaye-kewaye, ina so in roƙe shi ya rufa mana asiri. Ya katse ni ya ce hannun rabin Kurfai ya bi ta cikin nasa, wa na taɓa ji ya ba da labarinsa? Sai ya juya ga mijina, ya ajiye ludayi.

"Amma motar ga mutane take ɗauka. Kowace kasuwar Bonkuku ina gaba, kusa da kai. Randa ka ga ban hau ba, kada ka tambaye ni."

Raina ya ɓaci nan take. Na buɗe baki zan ce wa ya naɗa shi kumandan, mijina ya riga ni. Ya ce ya yarda, Baba.

Haka kuwa aka yi. Da can a baya yake hawa, cikin buhuna da awaki, da ɗaurin hauyoyinsa da laujensa na sayarwa. Yanzu sai ya ɗora kaya a baya ya zagayo ya buɗe ƙofar gaba ya zauna, mutane suna tsokanarsa wai tsoho ya zama Alhaji. Mijina ya ce tsohon ba ya magana a hanya, goro kawai yake ci, idonsa a kan sitiyari. Rani ya wuce, damina ta zo ta wuce, wata ta sake zagayowa. Duk safiyar kasuwa sai na sami abin da zai kai ni inda motar take lodi, ko gishiri ko daddawa, in tsaya daga nesa har sai na ga ƙafar tsohon ta hau, sannan in koma gida in iya hura wuta. A tsakanin nan kile mai ƙota ta yi ƙanne, don duk abin da ya gagari yatsun mijina sai su koma maƙera su yi masa ƙota. Hannun kuwa bai tsaya inda yake ba, ina gani, rawar ta hau har gwiwar hannu.

Wata safiya bayan girbi tsohon ya zo kamar kullum. Ya miƙa ɗaurin laujensa aka ɗora a baya. Mota ta cika, injin yana ruri. Ya zagayo gaba, ya tsaya, bai taɓa ƙofar ba. Sai na hango jakinsa ɗaure a gindin itacen bedi, da shimfiɗa a bayansa. Suka dubi juna ta tagar motar. Ni ina tsaye da ƙullin gishiri, na ji kamar in je in ɗauki tsohon nan cak in jefa shi ciki.

Mijina ya kashe injin. Ya sauko, ya bi ta cikin mutane har rumfar Alhaji, ya miƙa masa makulli da hannun dama, a fili, kowa yana kallon yadda yake rawa. Ban tsaya na ji abin da suka ce ba. Na dai ji tashin motar ina hanya, na san ɗan ƙanen ne a ciki.

Na yi tuwon rana ina kuka ina zagin tsoho, ina zagin soja, ina zagin notin da ya fara jawo mana. Na kwashe na rufe kwano, na tsaya a tsakar gida na kasa ɗaga ƙafa zuwa ɗakin nan. Da na daure na ɗaga labule, ba kowa. Akwatin kayan aikinsa ma ba ya nan.

A maƙera na same su. Tsohon bai je Bonkuku ba, jakin yana ɗaure a ƙofa da shimfiɗarsa. An share gefe ɗaya na rumfar an shimfiɗa buhu, an jera kilolin nan masu ƙota, ga keken wani malamin lekol, wato makarantar boko, a kife yana jiran gyara. Mijina yana kan zuga-zugi, gumi yana zuba, suna gardama a kan ko ƙarfen ya yi ja ko bai yi ba. Tsohon ya ɗago ya dube ni, ya dubi kwanon, ya ce wannan ai na mutum ɗaya ne. Na ajiye musu na koma gida na ƙaro.